Baƙin Mai da Manyan Jif na Hannu: Kauri, Ƙura da Ranar Juye

Wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko unguwar makanikai ta Apo a Abuja, ba zai rasa ganin motocin manya an ɗaga musu bonet ba: Land Cruiser, Prado, Lexus LX 570 da GX 460, Range Rover, jefi-jefi har da G-Wagen ta Mercedes. Kaɗan ne a cikinsu aka sayo sababbi fil. Yawancinsu sun yi shekara biyar, takwas ko goma a hannun wani a Amurka, Turai ko Dubai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Legas, Kwatano ko Lome. Mai saye ya zuba miliyoyi, ya duba fenti, ya duba kujeru, ya tabbatar esi na sanyi, ya karɓi makulli. Daga ranar nan baƙin mai, wanda ran injin ya rataya a kansa, ya koma hannun direba da yaron gareji. Su ke zaɓar galan, su ke yanke ranar juye, shi kuwa nasa biyan kuɗi.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wane mai ne ya fi kyau? A ganina tambayoyi biyu ne aka cure wuri ɗaya, kuma ba daga wuri ɗaya amsarsu take fitowa ba. Irin man da za a zuba, injin ne ke faɗa, kuma waɗanda suka ƙera shi sun rubuta. Tsawon zaman da man zai yi a ciki kuwa, ƙasarmu ce ke faɗa: ƙurarta, fetur da gas ɗin da muke sha, da yadda muke amfani da mota. Mu kuma mun juya abin. A kan irin mai mun saɓa wa littafin mota, muna cewa ƙasarmu daban ce. A kan lokacin juye kuma sai mu jingina da alƙaluman da aka rubuta don titunan Jamus da Amurka.

Mu fara da kauri, domin nan ne gardama ta fi zafi. Kai LX 570 gareji da galan ɗin 0W-20, wato abin da aka rubuta a murfin injinta, ka ji abin da za a ce maka: "Alhaji, wannan ai ruwa ne, man ƙasar ƙanƙara ne. A zafin nan namu sai 20W-50." Mai wannan magana ba mugu ba ne, kuma ba daga sama ya tsinto ta ba. Gadonta ya yi daga ubangidansa, wanda ya koyi aiki a kan Peugeot ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, su 504 da 505 da ta biyo bayanta. Injinan wancan zamani suna da sarari tsakanin ƙarafunansu, man lokacin kuma yana saurin tsinkewa idan ya ji wuta, saboda haka mai kauri shi ne daidai a gare su. Injin ya canza, mai ya canza, maganar ce kawai ta tsaya inda take.

Lambobin da ke jikin galan ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ce ta tsara su. Kowane mai yana yin kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi, kamar man shanu a hunturu da bazara. Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu lokacin da injin ya kwana ya huce. Ƙanƙantarta na nufin saurin isa inda ake bukatarsa da zarar an tayar. Lamba ta biyu ita ce kaurinsa a zafin digiri 100, wato lokacin da injin ke kan aiki. A wannan zafi, man da ke ɗauke da 20 kaurinsa kan kama wajen 8 zuwa 9 a ma'auni, mai 30 wajen 10 zuwa 12, mai 40 wajen 13 zuwa 15, mai 50 kuwa daga 16 da ɗoriya zuwa sama. Ke nan 0W-40 da 15W-40 kusan kaurinsu ɗaya ne idan injin ya yi zafi. Sifilin nan da ke tsorata mutane bai taɓa nufin man ruwa ne ba. Shi kuwa 20W-50 ya kusa ninka 0W-20 a kauri ana cikin tafiya, da safe kuma kafin injin ya ɗumama ya ninka shi fiye da sau uku.

To, zafin ƙasarmu fa? Gaskiya ne Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40 a watan Afrilu. Amma man da ke cikin injin ba da zafin gari yake aiki ba. Lagireto da fanka da tamostat ne ke riƙe ruwan injin a wajen digiri 90, man kuma ya riƙa kai-kawo tsakanin 90 da 110, ko a Jos ne cikin Disamba ko a Agadas cikin bazara. Zafin gari yana ɗan ƙarawa, musamman a cunkoso ko a hawan tudu da kaya, amma bai kai a ninka kauri saboda shi ba. Kuma da yawa daga cikin motocin nan daga Texas da Arizona aka kwaso su, inda zafin rani ke kai irin namu, kuma da 0W-20 suka yi shekarunsu a can.

Injin na zamani ba don santsi kawai yake bukatar mai ba. A injinan Toyota masu lambar UR, wato 4.6 na GX 460 da 5.7 na LX 570, matsin man ne ke juya na'urar VVT-i mai daidaita buɗewa da rufewar bawul, ta cikin ƙananan hudoji da 'yan mitsitsin rariyoyi. Shi ne ke tura abin da ke ɗaure sarƙar taimin. A injin mai tobo kuma man ne ke sanyaya sandar da ke juyawa sau dubbai masu yawa a minti guda. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ɗinsa ba ta wuce kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari na milimita ba. Mai kauri yana jinkirin shiga irin waɗannan wurare, kuma a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kafin mai ya kai sama, ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ba rana ɗaya illar ke bayyana ba, shi ya sa ake musu. Tana zuwa ne a hankali: ƙarar sarƙa da asuba, fitilar gargaɗin injin da ta ƙi mutuwa, shan mai da ya ƙaru, nauyin jiki a hanya.

Sai dai adalci ya sa a faɗi inda makanikin nan yake da 'yar gaskiya. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka tsaya a kan 0W-20 a Amurka shi ne dokar ƙasar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan fetur. Injin iri ɗaya, idan aka sayar da shi a wasu ƙasashen, littafinsa kan yarda da 5W-30 ma. Saboda haka wanda LX 570 ko GX 460 ɗinsa ta yi nisa a tafiya, tana ɗaukar kaya, tana shiga daji, idan ya hau taki ɗaya zuwa 5W-30 na gaske bai yi laifi ba, ni ma abin da zan zaɓa ke nan. Taki ɗaya daban, tsalle daga 20 zuwa 50 daban. Tsohuwar Land Cruiser ta jerin 100 da LX 470 da GX 470, masu injin 2UZ 4.7, dama 5W-30 aka rubuta musu, kuma injin ne mai haƙuri. Idan ya tsufa ya fara ɗan shan mai, 5W-40 ko 10W-40 ba zai cutar da shi ba. Range Rover mai injin 5.0 da ya fito tun 2009 kuwa ba ta son a yi mata ƙiyasi. An rubuta mata 5W-20, daga baya 0W-20, tare da lambar amincewar kamfanin, kuma an san injinan shekarun farko da matsalar abin ɗaure sarƙar taimin. Wannan ba wurin gwaji ba ne. G-Wagen ta fetur ita kuma dama mai ɗan kauri take so, 0W-40 ko 5W-40 mai ɗauke da lambar MB 229.5.

Wannan ya kawo mu ga rubutun da ba a cika karantawa ba, wanda ke bayan galan. Kauri rabin labari ne. Baƙin mai haɗi ne na gundarin mai da sinadaran da aka zuba masa: masu wanke datti, masu riƙe shi kada ya dunƙule, masu hana ƙarfe cin ƙarfe, masu kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. Darajar wannan haɗi ita ce haruffan API ke nunawa. Na injin fetur suna farawa da S, kuma suna hawa da zamani: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Na baya yana maye gurbin na gabansa, don haka motar da aka rubuta wa SL za ta sha SP lafiya lau, amma wadda aka rubuta wa SN ba a mayar da ita SF ko SG, irin wanda har yau ake sayarwa don babura da tsofaffin bas. Na injin gas suna farawa da C, kamar CI-4 da CK-4. Turawa suna da nasu tsarin, ACEA, mai A3/B4 da su C1, C2, C3. Motar Turai kuma, lambar amincewar kamfaninta ita ce gaba da komai. Kalmar "synthetic" da ake bugawa ɓaro-ɓaro a gaban galan tana da amfani, domin irin wannan mai ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, amma kalma ce da kowa zai iya bugawa. Ƙananan haruffan nan na baya su ne abin dubawa.

Masu motar gas suna da ƙarin abin lura. Land Cruiser V8 mai injin 1VD 4.5, da Range Rover TDV6 da TDV8, idan don kasuwar Turai aka ƙera su, galibi suna da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Irin wannan mota tana bukatar mai marar toka da yawa, wato jerin C na ACEA, in ba haka ba matatar ta toshe. Amma shi wannan mai an haɗa shi ne da tsammanin gas mai tsabta, wanda salfa, wato farar wuta, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan a cikinsa ba, kamar yadda dokar Turai ta tanada tun 2009. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta a kan gurɓataccen man da ake turo wa Afirka, dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 a sauko zuwa 50, kuma an samu ci gaba tun daga nan, amma wanda ke shan gas a bakin hanya daga jarka ba shi da hanyar sanin abin da aka ɗura masa. Salfa idan ta ƙone tana zama tsami a cikin baƙin mai, kuma man marar toka ƙarfinsa na kashe tsami bai kai na A3/B4 ko CI-4 ba. Ma'ana, mai DPF ya zauna a kan man da aka rubuta masa, amma ya gajarta lokacin juye sosai. Wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa ba tare da matatar ba, CI-4 mai kyau ya fi dacewa da ita. Akwai kuma wani abu: motar DPF da ba ta fita doguwar hanya, kullum tana cikin gari, gas kan zurara ya gauraya da baƙin mai yayin da take ƙoƙarin ƙone tokar. Idan ka ga mai na ƙaruwa a geji ba tare da an ƙara ba, kada ka yi murna, alamar haɗari ce.

Yanzu ga inda nake ganin an fi yin ɓarna, wato lokacin juye. Toyota a Amurka ta ce da 0W-20 ana iya kai mil 10,000 ko shekara guda. Land Rover ta ba injin 5.0 mil 15,000, wajen kilomita 24,000 ke nan. Masu sayar da mai kuma suna son maimaita irin waɗannan alƙaluma don su nuna tsadar galan ba asara ba ce. Abin da ba a karantawa shi ne sharaɗin da ke biye. Littafin Toyota ɗin ya ce a rage zuwa mil 5,000 ko wata shida idan ana tuƙi a hanya mai ƙura, ko ana jan kaya, ko ana yawan barin injin yana aiki a tsaye, ko ana tafiyar hawainiya mai tsawo. Su a wurinsu wannan yanayi ne na musamman. Mu a wurinmu shi ne kullum.

Ɗauki ƙura. Iskar hunturu tana ɗebo ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta baza ta a kanmu tun daga Nuwamba har Maris. Babban injin V8 yana shaƙar iska lita dubbai a kowane minti. Duk ƙwayar ƙurar da ta kuɓuce wa filtar iska tana shiga silinda, ta goge ringi da bango, ta gangara cikin baƙin mai, ta bi shi zuwa metal. Ba man da zai iya narkar da rairayi, komai tsadarsa. Shi ya sa nake ɗaukar filtar iska a matsayin rabin kula da baƙin mai. Al'adar nan ta cire filta a kai wa mai faci ya hure ta da iskar kwamfireso tana yaga takardar a inda ido ba ya gani, sai a mayar da ita ta yi fes a ido alhali ta zama rariya. A kakkaɓe ta a hankali, idan ta cika a sauya, a kuma tabbatar murfin gidanta ya zauna daram, maƙallansa duk sun kama.

Sai tsayuwa da injin a kunne, wadda ita ce rayuwar motar babban mutum. Maigida yana cikin taro ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, direba yana waje da esi a kunne awa biyu, awa uku. Mitar tafiya ba ta ƙirga komai ba, amma injin yana aiki, man yana tsufa, fetur marar ƙonewa yana sauka cikinsa. Kamfanin Ford, a lissafin da yake wa motocin 'yan sanda da manyan motocin aiki, yana ɗaukar awa guda ta tsayuwa a matsayin tafiyar kilomita 40 zuwa 50. Motar da ke tsayuwar awa biyu kowace rana ta aiki, a wata guda ta yi tafiyar da ta kusa kilomita 2,000 wadda ba a rubuta ko'ina ba. A ɗaya gefen kuma akwai motar da ke kwana a rumfa sai Juma'a ko ranar biki, ta je nan kusa ta dawo. Ita injinta ba ya yin zafin da zai kore danshi da fetur daga cikin mai, don haka nata lissafin na watanni ne, ba na kilomita ba. Cire tamostat, da wasu ke yi da sunan maganin zafi, yana jefa kowace mota cikin wannan hali: injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa ta yi ta ƙara masa fetur, man ya yi ta tsinkewa.

Hukuncina a nan shi ne kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ga motar da ke yawo cikin gari da ƙauye. Wadda aikinta doguwar kwalta ce, Abuja zuwa Kano ko Yamai zuwa Damagaram, da man gaske da filta mai kyau, tana iya kai 7,000 zuwa 8,000. A kuma lura da mitar: motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Mutane da yawa suna ganin 5,000 a allo suna zaton kilomita ce. Fitilar tunatar da sabis da ke kunnuwa a Toyota da Lexus tafiya kawai take ƙirgawa, ba ta san halin da man yake ciki ba. Launin mai ma ba hujja ba ne. Na injin gas kan yi baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye, aikinsa ke nan na kwashe toka, kuma murza mai tsakanin yatsu biyu ba ya gaya wa kowa ko sinadaransa sun ƙare.

Motar hannu tana da wata matsala da sabuwa ba ta da ita: ba ka san abin da ta gani ba. Wasu daga kasuwar gwanjon motocin haɗari da ambaliya aka sayo su, wasu an mayar da mitarsu baya, kusan dukkansu kuma sun yi watanni a tsaye tsakanin filin gwanjo, jirgin ruwa da tashar kwastan. Lambar VIN, wato lambar shasi, takan fito da tarihin motar Amurka. Ko me dillali ya ce game da sabis, a yi juye a makon farko. A buɗe murfin zuba mai a haska ciki da tocila. Idan ƙarfe ya fito da launin zinariya, an kula da ita. Idan aka ga baƙin laka ya dunƙule, an yi sakaci, kuma a nan ne ake yin kuskure na biyu: a ɗura kananzir ko gas a tayar da injin wai a wanke shi. Dattin da ya yi shekaru yana taruwa sai ya ɓare lokaci guda, ya toshe rariyar famfon mai, injin da ya shigo da ƙafarsa ya buga a hanyar komawa gida. Abin da ya fi aminci shi ne juye biyu ko uku a kusa-kusa, kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, da man kirki da sabuwar filta kowane karo. Idan lakar ta yi yawa, a sauke kwanon mai a wanke shi da rariyar da hannu. Wani lokaci bayan haka sai a ga ɗan yoyo ya bayyana, a ɗora wa sabon man laifi. Robar ce dama ta mutu, datti ne ya toshe ta. Gyaranta shi ne a sauya ta, ba a koma wa mai kauri ba. Haka gwangwanin tiritimen ɗin nan mai yauƙi da ake ƙarawa a kowane sabis: yana ɓoye ƙara da hayaƙi na ɗan lokaci, yana kuma mayar da 5W-30 ɗin da ka biya ya zama wani abu da ba wanda ya san kaurinsa.

Yawan mai ma abin dubawa ne, domin hannun yaron gareji ya saba da Corolla mai shan galan ɗaya. LX 470 tana ɗaukar wajen lita 6.8, LX 570 tsakanin 7 da 7.5, GX 460 kusan 8, Range Rover 5.0 lita 8, Land Cruiser V8 ta gas fiye da 9. Galan mai lita 4 ko 5 bai isa ba, biyu kuma na iya yin yawa, kuma wuce alama illa ce ita ma, domin karanshaf na kaɗa man ya yi kumfa. Range Rover 5.0 ba ta da gejin hannu, a allon direba ake dubawa, motar tana tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe injin mai zafi da minti goma. Filtar mai a LX 570 da GX 460 takarda ce da ake sakawa cikin gidanta, kuma tana ɓoye bayan farantin ƙarfen da ke kare cikin motar. Sai an kwance farantin ake kai wa gare ta, abin da ke sa mai gaggawa ya tsallake ta ya ce ya sauya. Ka nemi a nuna maka tsohuwar, da zoben robar da ke zuwa tare da sabuwar.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu guda: abin da ke cikin galan ya zama shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin Najeriya. Wani gundarin mai ne zalla babu sinadari ko ɗaya, an sa masa launi. Wani tsohon mai ne aka tace aka ɗura a galan na gaske da aka tsinto daga gareji. Mai tsada da wanda ke ɗauke da sunan kamfanin mota su suka fi jan hankalin masu wannan sana'a, saboda ribar ta fi tsoka. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Na fi natsuwa da man da aka haɗa a gida, irin na kamfanonin da ke Kano, Ilori ko Legas, idan kauri da darajarsa sun dace da injin kuma daga hannun wakilin kamfanin ya fito, a kan wanda aka ce daga Jamus yake alhali ba wanda ya san ta inda ya biyo. A saya a gidan mai na babban kamfani ko wurin dilan da aka sani, a duba hatimin murfi da lambar zubi, a karɓi rasit.

Sauran mayukan motar ba za su samu dogon bayani a nan ba, amma jif ba injin kaɗai ba ce. Tana da giyabos, da aksil biyu, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, kowanne da irin mansa. Giyabos ɗin Toyota na zamani man WS yake sha, na Range Rover kuma man da kamfanin ZF mai ƙera shi ya tanada, ba jan man da ke kan kowane tebur ba. Wanda ya tsallaka rafi da damina ya sa a duba man aksil, idan ya koma ruwan madara to ruwa ya shiga. Jar fitilar mai kuwa, idan ta kama ana cikin tafiya, ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi matsi ya faɗi. A gangara gefe a kashe nan take, ko da gari na gaba ana hango shi.

Tsohon man da aka juye ma kada a zubar da shi a kwata ko a shafa wa dabba a ciwo, yana ɗauke da gubar ƙarfe da ta ƙonewa, kuma makanikan da ke wanke hannu da shi kullum fatarsu ce ke biya.

Mai karatu, idan kana da irin wannan mota, buɗe littafinta yau, in ya ɓata ka sauko da shi ta intanet da shekarar motar da lambar injinta, ka rubuta kauri da daraja da yawan lita a takarda ka ajiye a aljihun gaban mota. Ranar juye na gaba ka je da kanka, ko ka tura wanda ka yarda da shi. A ɓalle hatimin galan a gabanka, a nuna maka tsohuwar filta, a rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna. Kafin ka bar garejin, ka sa a huda galan ɗin da ya ƙare, don kada gobe a cika shi da jabu a sayar wa wani.